Goyon Kaka: Jinjina ga Tsofaffin Kausani

Jinjinata ta yau ta kakannin Kausani ce, mata da maza, waɗanda suka reni 'ya'yansu har suka aurar da su, suka ɗauka lokacin miƙe ƙafa ya yi, sai Allah ya sake ɗora musu wani renon daga tushe. Kausani ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil a Jihar Kano, kuma na san duk abin da zan faɗa a kanta, mutumin Utai ko na Darki ko na Indabo ko na Lajawa zai ce ai gidansu na leƙa. Waɗannan bayin Allah ba su da ƙungiya, ba su da kakaki, ba a jin sunansu a rediyo. Aikinsu a tsakar gida yake, bayan danga da katanga, inda mai raba lambar yabo ba ya shiga. Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Wanda bai taɓa kwana a irin wannan gida ba zai iya ɗaukar abin da sauƙi. Tsohuwar da ta ba sittin baya, wata ma saba'in, ita ce farkon tashi. Kafin gari ya waye ta hura wuta, ta ɗora ruwan wanka, ta ɗumama tuwon jiya, ta tashi yara uku ko huɗu waɗanda ba ita ta haife su ba. Ta wanke ƙaramin, ta nemo wa babban allonsa, ta ɗaura wa 'yar macen ɗankwali, ta raka su da addu'a har bakin zaure. Gwiwa tana ciwo, baya yana ciwo, ido ya fara hazo, amma babu wanda za ta ce wa yau ka karɓe ni. Da hantsi ta zauna kan 'yar sana'arta, daddawa ko ƙuli-ƙuli ko saƙar faifai, domin a cikin wannan cinikin ne kuɗin sabulu da na Laraba da na fensir za su fito. Tsohon kuma yana gona, jika na biye da shi da 'yar fartanya, yana nuna masa bambancin gero da ciyawar da ta yi kama da shi, da yadda ake gane hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska za ta watsar. Ranar da ciwo ya kwantar da yaro, ko makaranta ta ce a kawo wani abu, akuyar da tsohuwa ta shekara tana kiwo ita ake ja zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a. An sayar, an biya bukata, magana ta mutu a nan. Ba za ka taɓa jin ta a bakinta ba.

Abin da ya daɗe yana sosa mini rai shi ne sunan da muka ba wannan aiki. In yaro ya cika kuka, ko ya faye shagwaɓa, ko ya ƙi aike, sai a taɓe baki a ce, ai goyon kaka ne. Kalmar ta koma gori. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina da hujja, don ni ma a ɗakin kaka na yi wayo. A wurinta na fara jin cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu, ba a tsallake wanda yake kwance, ba a cin abinci baƙo yana kallo. Gaskiya ne kaka tana da sassauci. Wanda ya ga jiya ya ga yau, ya binne na binnewa, ba kowane laifin yaro ne zai sa ya ɗauki tsumagiya ba. Amma sassauci daban, sakaci daban. A bi malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata da matan kirki na ƙasar Wudil, a tambayi kowa a hannun wa ya tashi, za a ji masu ambaton Iya ko Inna ko Gwaggo, wasu sai sun share ƙwalla kafin su ƙarasa.

Shigar kaka cikin reno ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tun yaro yana ciki ake fara ta. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a gaban uwarta, uwar ce kuma mai tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. In lokacin yaye ya yi, ɗakin kaka ake kai yaro ya manta da nono, wani ya dawo bayan kwanaki, wani kuwa shi ke nan ya samu wurin zama. Ga kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ko kiran sunan ɗanta, balle ta rungume shi a gaban mutane. Duk soyayyar da kunya ta hana uwa nunawa, kaka ce ke nuna ta a fili. Shi ya sa al'ada ta buɗe ƙofar wasa tsakanin jika da kaka, ƙofar da ta rufe tsakanin ɗa da mahaifi. Tsohuwa ta kira jikanta namiji maigida, ta ce yau ina cefane. Ta kira macen kishiya, ta ce kin zo ƙwace mini miji. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli ubansa ba, shi ne zai ja gemun kakansa ya kwana lafiya. Wanda ya karanta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau aka buga shi littafi a 1954, zai ga yadda riƙo yake a tsakiyar zaman Hausawa tun kafin zuwan Turawa. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har suka girma.

Addini ma bai bar kaka a baya ba. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an haife shi mahaifinsa ya riga ya rasu, mahaifiyarsa ta bi yana ɗan shekara shida, kakansa Abdulmuɗallib ne ya rungume shi har shi ma ya cika bayan shekara biyu. Duk mai yi wa wani gorin goyon kaka, ya tuna da wannan kafin ya buɗe baki. Ɗalibin da ya sauke Risala a zaure kuma ya san tsarin mazhabar Malikiyya: in aure ya mutu uwa ce ke da haƙƙin reno, in ta rasu ko ta auri bare, haƙƙin ya koma ga kaka ta wajen uwa kafin kowa. Ke nan tsohuwar da ke riƙe da 'ya'yan 'yarta matsayi ne shari'a ta ba ta. Sai dai shari'ar da ta ba ta reno ba ta ɗora mata ciyarwa ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Zan dawo kan wannan.

A da, gidan gandu ne: uba da 'ya'yansa maza da matansu, gona ɗaya, rumbu ɗaya. In an ba tsohuwa jika, don ya ɗebe mata kewa ne, ya ɗebo mata ruwa, ya je mata aike. Tuwonta da nasa daga tukunyar gida suke fitowa, surukai na kewaye da ita. Yanzu yaron yana zuwa, amma abin da ke bin bayansa ya daina zuwa. Gandu ya watse a gidaje da yawa, gonar gado an yi ta rabawa har ta koma 'yan filaye. Samari sun tafi cin rani Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, cin ranin da a da ake dawowa daga gare shi da faɗuwar ruwan shuka, yanzu wani sai ya shekara biyu ba a gan shi ba. Aure yana mutuwa tun yara suna ƙanana, bazawara kuwa in ta samu miji sau da yawa ba ta iya tafiya da 'ya'yanta, don kowa ya san zaman agola. Da gwamnatin Kano ta ɗaura aure 1,800 na zawarawa da 'yan mata a watan Oktoban 2023, na yi murna kamar kowa, amma ban iya hana zuciyata tambaya ba: 'ya'yan zawarawan nan, a ɗakin wa suka kwana daren tarewa?

Ga kuma mutuwa wajen haihuwa, wadda ta fi komai zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Da yawa daga cikinsu sun bar yara, wasu ma jariran da ba a yi wa suna ba. Hannun da ke fara miƙowa ya karɓi jaririn kuwa, sau tari na tsohuwar da ta rasa 'yarta jiya ne. Ba ta gama karɓar gaisuwa ba ta shiga neman madara. Duk wannan kuma a zamanin da, tun cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota da na magani da na kwanon masara suka yi tashin gwauron zabi.

Rashin adalci ne a yi shiru kan masu kama musu. Akwai saurayin da ke tura baro a Sabon Gari ko yake gadi a Legas, wanda duk wata sai ya turo wani abu ta hannun mai POS, ya kuma kira a kanga wa tsohuwa waya a kunne ya ji muryarta. Akwai matar ɗa da ta ɗauki 'ya'yan ƙanwar mijinta kamar nata, ta raba musu loma daidai. Malamin allo da ya san wane yaro ne maraya ya kau da kai ranar Laraba, da maƙwabciyar da ke zuba tuwo a kwano ta ce a kai wa Iya ba don Iya ta roƙa ba, su ma Allah ya biya su.

Hukuma ma ta ɗauki matakan da ya kamata a ambata. Dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa ta samu sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi da yara 'yan ƙasa da shekara biyar cikin masu rauni da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. A Kano an ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole a 2019, an sa hannu kan dokar kare yara a Mayun 2023, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024. Ban raina ko ɗaya ba. Amma daga teburin da aka sa wa takarda hannu zuwa ɗakin tsohuwa a Kausani akwai tafiya, kuma ba a gama ta ba.

Bari in dawo kan ciyarwa, don iyaye maza ne nauyin ya fi hawa kansu. Ci da sha da tufafi da magani da karatun yaro wajibin uba ne, ko yaron yana ɗakin uwarsa ko na kakarsa, ko an rabu da uwar cikin daɗi ko cikin faɗa. Babu malamin da zai ce maka sakin uwa ya sauke maka nauyin ɗa. Amma sau nawa muka ga mutum ya saki mace, ta kwashe yara ta koma gidansu, shi kuwa bai rufa wata uku ba ya kai lefe wani gidan? Kuɗin akwati ya samu, kuɗin kwanon gero na yara ya gagara. Tsohuwa kuma kunya ba za ta bar ta ta kai tsohon surukinta ƙara ba. Cewa za ta yi, a bar shi da Allah, jinina ne, ba za su kwana da yunwa ina raye ba. Wannan kawaici nata abin girmamawa ne, amma bai halatta ya zama mafakar marar kunya ba. Tun da ita ba za ta yi magana ba, sai a samu mai yi a madadinta. Mai unguwa da dagaci da liman sun san kowane gida. Hukumar Hisba, wadda take da doka a Kano tun 2003, tana sasanta irin wannan, kotunan shari'a kuma suna yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa. Roƙona shi ne, ranar da aka rubuta takardar saki, a ranar a zauna gaban shaidu a yanke abin da zai riƙa isa ɗakin da yaran za su zauna: kwano nawa, naira nawa, ran wace kasuwa. Waliyyai kuma, kafin su ba bazawari 'yarsu, su tambaya ina 'ya'yansa na fari suke, wa ke ciyar da su. Amsar wannan tambaya za ta gaya musu ko wane ne shi fiye da duk binciken asalin da za su yi.

Akwai wata magana da ta shafi kakanni maza musamman, wadda ba a son tayarwa don ta taɓa mutuwa. A rabon gado, in mutum ya rasu ya bar ɗa namiji a raye, jikokin da ubansu ya riga shi tafiya ba su da kaso, baffanninsu sun katange su. 'Ya'yan 'ya mace kuwa dama ba sa cikin masu rabo in akwai magada. Ma'ana, yaron da ya tashi a gaban kakansa, ya yi masa noma, ya yi masa jinya, ya riƙe masa buta, zai iya wayar gari ranar rabo ba shi da ko taki ɗaya a gonar da ya yi wa wahala. Shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba, yana kuma da ikon yin kyauta yana raye, ya damƙa ta a gaban shaidu. A Masar har doka aka yi a 1946 da ta wajabta irin wannan wasiyya ga jikoki marayu, Maroko ma, wadda ke bin Malikiyya kamar mu, ta ɗauki makamancin haka. Ko ya dace a yi irin wannan doka a nan, magana ce ta malamai, ba tawa ba. Amma tunatar da tsoho ya rubuta wasiyya tun yana da ƙarfi bai buƙatar zaman majalisa. Huɗuba ɗaya ta Juma'a za ta iya tsare gidaje da yawa daga rigimar da ke raba zumunci har tattaɓa-kunne. Baba, in kana son yaron nan kamar yadda muke gani, ka kira liman da mutum biyu a rubuta.

Ita kuma tsohuwa, abin da ke hana ta barci tambaya ɗaya ce: in na faɗi, wa zai riƙe su? Dangi su ba ta amsa tun tana ji tana gani. Kada a bari sai an dawo daga maƙabarta a tsaya ana kallon-kallo, yara na tsugune a gefe suna jin yadda ake tura su daga wannan baffa zuwa wancan kawu.

Mafi yawan tsofaffinmu na karkara ba su taɓa cin albashi ba, don haka ba su da fansho. Fanshonsu 'ya'yansu ne, 'ya'yan kuwa ga halin da suke ciki. A farkon shekarun 1990 Afirka ta Kudu ta faɗaɗa fanshon tsufa ya kai ga talakawa baƙar fata. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo, wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, ta bi diddigin kuɗin, ta buga sakamakon a 2003. Ta gano cewa a gidajen da mace ce ta karɓi fanshon, jikoki mata sun ƙara nauyi da tsawo, inda kuwa namiji ne ya karɓa ba a ga irin wannan sauyi ba. Duk wanda ya san ƙullin bakin zanen kakarsa bai buƙaci bincike ya gaya masa haka ba, amma yana da kyau masu tsara kasafi su ji shi da harshen da suke ganewa: kuɗin da ya shiga hannun kaka, a cikin jika yake kwana. A nan gida Jihar Ekiti ta gwada a 2011, tana ba tsofaffi marasa ƙarfi 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata. Kano ba ta rasa wurin farawa ba. Tana da Hukumar Zakka da Hubusi, tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, tana da masu unguwannin da ba sa buƙatar taswira kafin su nuna maka gidan kowa. A kowace mazaɓa a rubuta gidajen da tsoho ko tsohuwa ke riƙe da yara babu uwa babu uba a kusa, a sa su gaba a rabon zakka da katin asibiti da taki. A kuma tuna cewa tsohuwar da ba ta da asusun banki, ba ta da waya, ba ta iya tsayuwa a layi, duk tallafin da aka ce sai an cike wani abu a intanet ba nata ba ne. Mun ga yadda irinta suka sha wuya a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Hatta takardar haihuwa da lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita, yaron da ke hannun kaka shi ne mafi saurin rasa su, don babu mai kai shi. Wannan aikin yini ɗaya ne ga kansila in ya sa kansa.

Ku kuma iyayenmu, ina da 'yar magana, a durƙushe nake faɗa. Na san farantin tallar da ke kan jikanyarki shi ne abincin gidan, ban kuma manta ba cewa wanda bai kawo miki kwano ba, ba shi da bakin hana ki. Amma yarinyar da ke yawo da faranti lokacin da sa'o'inta ke aji, ana tsoron gobe ita ma ta dawo miki da nata 'ya'yan. In babu makawa, a bar tallar sai an taso daga makaranta, kusa da gida, a dawo kafin magariba. Haka maganar lafiya. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya ci yara da yawa, akasarinsu waɗanda ba su samu rigakafi ba. A gidajenmu kuwa kowa ya san in ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama, tsohuwa ce ke cewa a shigo ko a koma. Ita ke yanke ko a ba jariri ruwa da dauri kafin wata shida, ko a kira wanzami ya cire beli, ko a tafi asibiti da naƙuda tun da wuri. Laifinmu ne da muke tara matasan mata muna yi musu bita, mu bar mai yanke hukunci a gida ba mu nemi ra'ayinta ba. A yankin Velingara na ƙasar Senegal, wata ƙungiya mai suna Grandmother Project, wadda Judi Aubel ta jagoranci kafawa, kan wannan fahimta ta gina aikinta. Tana zaunar da kakanni da 'yan mata da malaman makaranta wuri ɗaya, ta ɗauki kaka abokiyar shawara kan karatun 'ya mace da aurenta da lafiyarta. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, mu ne masu karin maganar, ya kamata mu zama na gaba wajen aiki da ita.

Ba ma sai mun je nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, dattijai mata ta zaɓa, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa. Su ke jagorantar ayarin 'Yan Taru, tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su taka zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda aure da goyo suka tsare a gida. Tsohuwa da yarinya a hanya ɗaya, da saƙo ɗaya.

Wannan haɗin ne ke neman tsinkewa a hannunmu. A da in an ci tuwon dare, yara kan kewaye tsohuwa a kan tabarma, a shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi da Botorami, a yi kacici-kacici har barci ya kwashe na ƙarshe. A nan yaro ke koyon sarrafa harshe, ya ga ƙarshen makwaɗaici da na mai haƙuri ba tare da an yi masa wa'azi ba. Yau hasken waya ya ƙwace wa farin wata jama'arsa. Ba na zagin waya, ai ita ke kawo wa tsohuwa muryar ɗanta daga Legas. Amma raina yakan ɓaci in na ga saurayi ya zauna kusa da kakarsa awa biyu, jikinsa na nan hankalinsa na TikTok, bai taɓa tambayarta ko sunan kakanta ba, ko daga ina zuriyarsu ta taso, ko yadda suka tsallake yunwar 1973. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya tun farkon shekarun 1970 ya tattara tatsuniyoyi da wasanni ya mai da su littattafan makaranta. Abin da ya yi da alƙalami, yau duk yaron da ke da waya zai iya yin irinsa da murya.

Ga jami'a a Wudil, wadda ta fara karatu a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana koyar da noma da kwamfuta. Ga Jami'ar Bayero da cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya. Me zai hana ɗalibin noma ya je Kausani ya zauna gaban tsohon da ya san irin dawa da gero na gargajiya, wanne ke jure fari, wanne ke nuna da wuri, ya rubuta? Me zai hana ɗalibar kwamfuta ta naɗi waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno daga bakin masu su, tun suna nan? Kada dai a je hannu rabbana a kwashi ilimi a tafi. A riƙa goro da sabulu, a duba littafin jikanta, a karanta mata rubutun da ke jikin kwalin maganinta. Shugabannin firamare su ma su buɗe wa kaka ƙofa: in an kira taron iyayen yara a aika mata, a ba ta kujera a gaba, sau ɗaya a mako kuma a gayyato ta aji ta yi wa yara tatsuniya.

Samarin Kausani masu zama a majalisa bayan la'asar, kowannenku ya san aƙalla gida ɗaya irin wanda nake magana a kai, wataƙila ma a cikinsa ya yi rarrafe. Kakanninku da gayya suke yi wa marar ƙarfi noma da yaɓe, ba su jira kowa daga Kano ba. Ɗakin Iya yana yoyo, gonar Baba tana jiran shara kafin ruwa ya sauka. A sa rana, a gaya wa mai unguwa, kowa ya fito da fartanyarsa.